Kotun da Yaro Zai Iya Buɗe Baki a Cikinta

A watan Oktoba na 2014, a garin Penistone da ke arewacin Ingila, wani uba ya yaudari 'ya'yansa maza biyu, mai shekara 12 da mai shekara 9, suka hau ɗakin saman gida don su ga kayan wasan da ya saya musu, sannan ya banka wa gidan wuta. Yaran suka rasu, shi ma ya mutu. Mahaifiyarsu, Claire Throssell, ta riga ta rabu da shi, ta kuma gargaɗi hukuma cewa mutumin nan zai iya kashe su. Duk da haka kotun iyali ta ba shi izinin ɗaukarsu awa biyar kowane mako, babu mai sa ido. A 2016 ƙungiyar Women's Aid ta fitar da rahoto kan yara 19 daga gidaje 12 waɗanda ubanninsu suka kashe tsakanin 2005 da 2015, alhali an san ubannin da cin zali a gida, kuma a fiye da rabin gidajen kotu ce ta ba da damar ganawar. Alƙalan nan ba mugaye ba ne. Sun saurari ɓangarori biyu, sun bi doka yadda suka fahimce ta. Abin da ya kuɓuce musu shi ne sanin yadda tsoro ke sauya mutum, har wanda aka zalunta ya shigo kotu da kamannin maƙaryaci, wanda ya yi zaluncin kuma ya shigo da kamala.

Wannan ilimin ne ake ta ƙoƙarin shigarwa kotunan iyali a ƙasashe da dama, kuma da yawa sukan ɗauka cewa magana ce ta tausayi: a sa kujera mai laushi, a yi wa yaro murmushi. A ganina an raina al'amarin. Aikin alƙali gano gaskiya ne, kuma kotun da ke firgita yaro ta toshe wa kanta hanyar jin gaskiyar. Sanin raunin da cin zarafi ke bari a zuciya kayan aikin shari'a ne, kamar sanin dokar shaida.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da abin da karin maganar ke nufi. Lokacin da mutum ke cikin matsanancin firgici, jikinsa kan tattara duk ƙarfinsa wajen tsira, ƙwaƙwalwa kuma ba ta ajiye abin da ya faru a jere kamar labari. Sai ta riƙe warin turare, ko launin labule, ko ƙarar ƙofa, amma ranar da abin ya faru da sau nawa ya faru su rikice. Yaro ƙarami dama bai gama sanin bambancin makon jiya da watan jiya ba. Wani yaron in an tambaye shi sai ya daskare, wani ya yi dariyar da ba ta da dalili, wani ya ba da labarin abin ban tsoro da murya a kwance kamar yana karanta allo. Da yawa ba sa faɗa sai bayan shekaru. Hukumar binciken da Ostireliya ta kafa kan lalata da yara a makarantu, gidajen marayu da wuraren ibada ta kammala aiki a 2017, kuma ta gano cewa waɗanda suka yi mata bayani sun ɗauki kusan shekara 24, a matsakaici, kafin su gaya wa wani. Akwai kuma yaron da zai faɗa yau, gobe ya janye, domin ya ga gida ya hargitse, uwa tana kuka, kawu ya daina yi masa magana, sai ya yanke cewa shi ne ya jawo. Mai cutar da shi sau da yawa mutum ne da yake ƙauna, wanda ke ciyar da shi, don haka ba abin mamaki ba ne a ga ya ruga ya rungume shi a harabar kotu.

Duk waɗannan, a ma'aunin da kotuna suka gada, alamun ƙarya ne: magana ta saɓa, an makara wajen kai ƙara, an janye zance, babu hawaye. Haka abin yake ga uwar da ta kawo ƙarar, ko uban, in shi ne mai kare yaron. Ta kwana ba barci, an zaunar da ita a benci ɗaya da mutumin da take tsoro, sai ta shiga gaban alƙali tana rawar murya, tana tsalle daga wannan magana zuwa waccan, wani lokaci ta fusata. Shi kuwa ya zo da tsabtatattun kaya da takardu a jere, yana cewa shi dai burinsa ya ga 'ya'yansa. Alƙalin da ba a koya masa komai game da firgici ba zai rubuta cewa ita mai rigima ce, shi mai haƙuri. Har zuwa kwanan nan a Ingila, mutumin da ake zargi da dukan matarsa, in ba shi da lauya, yana iya tashi da kansa ya yi mata tambayoyin ƙure a kotun iyali, abin da aka daɗe da hanawa a shari'un fyaɗe a kotunan manyan laifuka na ƙasar. Sai dokar 2021 kan cin zarafi a cikin gida ta toshe wannan ƙofa, ta ce kotu ta naɗa lauyan da zai yi tambayoyin a madadinsa. Dokar ta kuma amince cewa yaron da ke gani ko jin ana dukan mahaifiyarsa shi ma wanda aka zalunta ne.

Gyaran ya biyo bayan wani kwamitin ƙwararru da Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta kafa, wanda ya karɓi bayanai fiye da 1,200 ya fitar da rahoto a watan Yuni na 2020. Kwamitin ya ce kotunan sun ɗauki ganawar yaro da iyayensa biyu tamkar wajibi ko da akwai haɗari, kuma tsarin da ke mayar da iyaye abokan gaba a fagen dambe yana danne muryar yaron, ga ƙarancin kuɗi da ma'aikata, ga hukumomin da ba sa gaya wa juna abin da suka sani. Daga 2022 aka fara gwajin wata sabuwar hanya a Dorset da arewacin Wales. Kafin a yi zaman farko, jami'in walwalar yara zai gana da yaron, ya nemi bayani daga 'yan sanda da makaranta da masu taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu, ya rubuta rahoto kan halin da yaron ke ciki. Da wannan rahoto alƙali ke buɗe shari'a, maimakon ya fara da zarge-zargen da manya ke jifan juna da su.

Misalin da ya fi burge ni ya fito ne daga Aisland, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. A 1998 wani jami'in kare yara mai suna Bragi Gudbrandsson ya buɗe abin da suka kira Barnahus, wato gidan yara, a Reykjavik, bayan ya ga irinsa da aka fara a Huntsville ta Amurka a 1985. Gida ne kamar kowane gida a unguwa. A da yaron da aka yi wa lalata sai ya maimaita labarinsa ga ɗan sanda, da likita, da jami'in walwala, da lauya, da alƙali, kowa a ofishinsa. A gidan yara mutum ɗaya ne da aka horar zai zauna da shi a ɗaki, alƙali da mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake zargi suna kallo ta bidiyo daga wani wuri, duk mai tambaya ya miƙa ta ta hannun mai hirar. A naɗi bayanin, ya zama shaida, yaron ba ya buƙatar tsayawa a kotu. A gidan ake duba lafiyarsa, a nan kuma ake fara yi masa magani. Suwidin ta ɗauki tsarin a 2005, Norwe a 2007, Denmak a 2013, Landan ta buɗe nata a 2018.

Akwai masu adawa, kuma hujjarsu ta farko tana da nauyi. Suna cewa in aka koya wa alƙali cewa saɓanin magana ba ƙarya ba ne, janye zance ma ba ƙarya ba ne, to me ya rage da wanda aka yi wa ƙazafi zai kare kansa da shi? Ana yin ƙazafi a rikicin saki, kuma raba uba da ɗansa bisa ƙarya zalunci ne babba. Tarihi ma ya ba su misali. A shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya, masu hira sun yi ta cusa wa yara amsa a baki har suka faɗi abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, aka kwashe shekaru ana shari'a, ta ƙare a 1990 ba a samu kowa da laifi ba. A Cleveland ta Ingila, a 1987, an raba yara 121 da iyayensu bisa wani gwajin likita da ba shi da tabbas, daga baya aka mayar da mafi yawansu gida. Amma a duba abin da ya lalace a waɗannan wurare: ban da gwajin likitan, tambaya ce aka yi ba bisa ƙa'ida ba, aka maimaita ta sau da yawa, da matsin lamba. Daga irin wannan kuskure masana suka tsara hanyar hira da yaro wadda ke farawa da “gaya mini abin da ya faru”, ba ta sa masa suna ko wuri a baki, ana kuma naɗar ta don kowa ya ga yadda aka yi tambayar. Hira ɗaya tsabtatacciya, da wuri, a gaban lauyan wanda ake zargi, ta fi kare mai gaskiya daga ƙazafi fiye da hira biyar da aka yi a ofisoshi biyar ba tare da an naɗi ko ɗaya ba. Ba a ce alƙali ya gaskata duk abin da aka faɗa ba. An ce kada ya yi watsi da magana saboda alamar da bincike ya nuna ba ta rarrabe gaskiya da ƙarya, ya koma ga sauran hujjoji: rahoton likita, bayanin malamai, tarihin ƙararrakin da aka taɓa kaiwa.

Hujja ta biyu ita ce yaro yana buƙatar uwa da uba. Haka ne a mafi yawan gidaje, shi ya sa Ingila ta rubuta a dokarta a 2014 cewa a ɗauka hulɗa da kowane mahaifi alheri ce ga yaro sai in an nuna akasin haka. Dokar ta ware inda akwai haɗari, amma a aikace sai zaton ya rinjayi togaciyar, nauyin ya koma kan wanda ke tsoro. Ostireliya ta cire makamancin wannan zato daga dokarta, gyaran ya fara aiki a watan Mayu na 2024, gwamnatin Birtaniya ma ta sanar a 2025 cewa za ta soke nata. Babu wanda ya hana uba nagari ganin ɗansa da wannan gyara. An dai mayar da tambayar farko ta zama ko yaron zai kwana lafiya.

A nan maganar ta taɓo mu kai tsaye. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Nijeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi lalata da su, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi kotun iyali a matakin majistare da na babbar kotu, alƙali ya zauna da mataimaka biyu, a hana 'yan kallo shiga, a hana buga sunan yaro, a gudanar da zaman yadda zai iya bayyana abin da ke ransa. Jihohin Arewa sun yi nasu dokokin a hankali, Kano ta sa hannu a nata a 2023. Amma yawancin rikicin riƙon yara a wurinmu a kotunan shari'ar Musulunci ake yanke shi, kuma fiƙihun Malikiyya ya riga ya gindaya amana da amintaccen wuri cikin sharuɗɗan wanda za a danƙa wa renon yaro. Tushen yana nan. Abin da ke kawo cikas shi ne matsin da ake yi wa mai ƙara tun kafin a shiga kotu: a yi haƙuri, a rufa asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sulhu alheri ne tsakanin manya biyu da suka saɓa kan dukiya ko ciyarwa. Idan aka kawo shi kan yarinyar da ɗan'uwan babanta ya lalata, asirin mai laifin aka rufa, ita kuma aka mayar da ita gidan da za ta ci gaba da gaishe shi kowace safiya.

Za a ce ina kuɗin gina gidan yara a ƙasar da kotunanta ke fama da rashin wuta. Gaskiya ne cikakken tsarin yana cin kuɗi, kuma ko Ingila da ta sa wa'adin mako 26 ga shari'un karɓe yara daga hannun iyaye sau da yawa ba ta cika shi. Sai dai babban kaso na gyaran umarni kawai yake buƙata daga babban jojin jiha ko alƙalin alƙalai. A saurari yaro a ofishin alƙali, ƙofa a rufe. A sa labule tsakaninsa da wanda ake zargi, a ba su lokutan isowa daban don kada su haɗu a baranda. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, da Salama a Kaduna, da Waraka a Kano, waɗanda za a iya horar da ma'aikatansu su naɗi bayanin yaro sau ɗaya yadda kotu za ta karɓa. Sannan a daina ɗage irin wannan shari'a don lauya ya yi tafiya. Wata shida ga yarinya mai shekara biyar kashi ɗaya ne cikin goma na duk rayuwarta, kuma kowace ɗagewa tana nufin a sake tashinta da asuba, a hana ta makaranta, a zaunar da ita a benci tana kallon ƙofar da mutumin zai shigo.