Yadda Ake Alƙalanci a Gasar Tabar Wiwi: Tsakanin Hanci da Na'ura

A shekarar 1988 ne wata mujallar Amurka mai suna High Times ta shirya gasar tabar wiwi a birnin Amstadam na ƙasar Holan, a ƙarƙashin jagorancin editanta Steven Hager. An zaɓi wannan birni ne domin tun daga 1976 hukumomin Holan suka sassauta, har suka riƙa kawar da kai ga wasu shagunan shan gahawa da ke sayar da ita kaɗan-kaɗan. A 2010 gasar ta shiga Amurka ta birnin San Faransisko. A Nijeriya dai wiwi haramtacciya ce, kuma tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA domin yaƙi da ita da makamantanta. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan gasa shi ne wata matsala ta ilimin awo: ta yaya za a auna abu, alhali shi abin yana sauya ma'aunin?

Manoma kan kawo amfaninsu ne a raba shi rukuni-rukuni, busasshen fure daban, danƙon da aka tace daban, wanda aka sa a abinci daban. A gasar da ta san abin da take yi, akan cire sunan mai kaya a maye gurbinsa da lamba, don kada alƙali ya san na wane ne. Daga nan sai a ba da maki a kan kyan gani, da ƙamshi, da ɗanɗano, da yadda take ci da wuta, sannan da abin da ta haifar a jiki. A wasu shekarun gasar Amstadam, duk wanda ya sayi takardar alƙalanci ya zama alƙali, yana bin shaguna yana kaɗa ƙuri'a, masu shagunan kuwa suna ta rabon kyauta. An sha zargin cewa ƙuri'u sayen su ake yi. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kyan gani shi ne mafi sauƙin aunawa. Alƙali kan sa madubin ƙara girma ya dubi wasu ƙananan gasu masu kai kamar na ƙusa da ke lulluɓe da furen macen tsiron. A cikinsu ne ake samun danƙon da ke ɗauke da THC, wato sinadarin da ke bugarwa, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964. Yana kuma duba ko akwai fumfuna, ko iri, ko ɓarnar ƙwari.

Ƙamshi ya fi wuya. An daɗe ana danganta shi ga wasu sinadarai masu saurin tashi da ake kira tarfin, waɗanda mai karatu ya san su ko da bai san sunansu ba: limonin yana cikin ɓawon lemo, mirsin yana cikin mangwaro, kariyofilin kuwa yana cikin masoro da kanumfari. Sai a 2021 wasu masana a Kalifoniya suka nuna cewa warin nan mai hawa kai da aka san wiwi da shi ya fito ne daga wasu sinadarai masu farar wuta, waɗanda adadinsu bai taka kara ya karya ba, amma hanci na jin su nan take. Ashe hancin alƙali ya daɗe yana ba da maki a kan abin da takardar ɗakin bincike ba ta ma lissafa ba.

Babbar matsalar tana wajen auna tasiri a jiki. Mai ɗanɗana shayi yakan kurɓa ya tofar, ya kurkure baki, ya koma kan na gaba da hankalinsa garau. Alƙalin wiwi ba shi da wannan dama. Da zarar ya zuƙi samfurin farko, THC ya shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa cikin mintoci, kuma zai ɗauki awoyi kafin ya sake shi. Duk hukuncin da ya yanke a kan na biyu da na uku, ya yanke shi ne da ƙwaƙwalwar da na farko ya riga ya taɓa, musamman ma wajen tuna abin da ya faru yanzu-yanzu, wanda kuwa da shi ake kwatance. Bugu da ƙari, jikin mai yawan sha yakan rage yawan mashigar da sinadarin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, don haka alƙalin ranar farko ba shi ne alƙalin ranar bakwai ba. Shi ya sa wasu gasanni ke ba da makonni, suna kuma tara makin mutane da yawa a ɗauki matsakaici. Wannan yana rage kuskure, amma ba ya kawar da shi.

Sai a ce to a bar wa na'ura. An gwada. A 2022 bikin baje kolin jihar Kalifoniya ya ba da lambobin yabo bisa sakamakon ɗakin bincike, inda ake narka samfur a tura shi cikin siririn bututu, sinadaran su rarrabu gwargwadon saurin tafiyarsu, a auna kowanne. A nan ma akwai abin lura. A cikin furen da ba a ƙona ba, yawancin sinadarin yana zaune ne a matsayin THCA, wanda ba ya bugarwa sai zafi ya raba shi da iskar kabon. Saboda nauyin da ke ɓacewa, akan ninka adadinsa da 0.877 kafin a faɗi jimla. Kuma alƙaluman su kansu ba a rasa su da tabo: wani bincike na 2023 a jihar Kolorado ya sake auna furen da aka sayo a shaguna, ya tarar yawancinsa bai kai ƙarfin da aka rubuta a jikin fakiti ba.

Ko da lambar gaskiya ce, ba ta faɗin abin da mutum zai ji. A 2020 masana a Jami'ar Kolorado ta Bolda suka kwatanta masu shan fure mai kashi 16 ko 24 cikin ɗari da masu shan tataccen danƙo mai kashi 70 ko 90. Na biyun sun fi yawan THC a jini nesa ba kusa ba, amma buguwar da suka bayyana kusan ɗaya ce da ta na farkon.

Akwai kuma abin da takardar maki ba ta da gurbinsa. Gasa irin wannan ta taimaka wajen ingiza manoma su yi ta barbarar iri domin ƙara ƙarfi. A 2019 wani binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Barazil ya gano cewa masu shan wiwi mai fiye da kashi 10 cikin ɗari kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali. Daga cikin biranen da abin ya fi ƙamari akwai Landan, akwai kuma Amstadam.