Turancin Madafi: Kalmomin da Ke Tayar da Kek ko Su Kwantar da Shi

Ana saura kwana biyu ƙaramar sallah na tarar da 'yar ƙanena a madafi, ta jingina waya a jikin gwangwanin madara, tana bin wata Baturiya mai koyar da kek. Yarinyar ta gama sakandare, Turancinta ba laifi. Amma da aka sauke kek ɗin sai ga shi ya lotsa a tsakiya, ga wani ɗaci mai kama harshe. Idonta ya ciko da hawaye ta ce, "Gwaggo, wallahi duk abin da ta ce shi na yi." Na karɓi wayar na duba rubutun ƙasan bidiyon. An rubuta tsp, ita kuwa babban cokali ta ɗauko. Harafi ɗaya tal ya raba su: tsp shi ne teaspoon, cokalin shayi mai cin mililita 5, tbsp kuma tablespoon, cokalin cin abinci mai cin mililita 15. Ninki uku ta zuba na hodar tashi.

Turancin aji ba ya shiga madafi, nan ne gizo ke saƙa. Sunayen kaya ba su da wuya, domin da yawansu sun riga sun zama 'yan gida: fulawa, bota, yis, biskit, kastad. Shi sukari ma ba a wurin Bature muka aro shi ba, daga Larabci ya zo mana, kuma kalmar sugar ɗin kanta ta ratsa ta Larabcin kafin ta isa Ingila. Wahalar tana cikin kalmomin aiki da na awo.

Mu da baki ɗaya muke cewa gashi, ko na tsire ne ko na gurasa. Bature ya rarraba: bake ga abin fulawa a cikin obin, roast ga nama ko gyaɗa, grill ga abin da wuta ke duka kai tsaye, toast ga yankan burodi. A wani wurin kuwa kafaɗa da kafaɗa muke tafiya. Dough shi ne kwaɓi, mai kauri irin na cincin da dubulan, wanda ake murzawa, murzawar nan ita ce knead. Batter shi ne ƙullu, mai ruwa-ruwa irin na waina da ƙosai. Sift tankaɗe ne, steam turarawa. Duk macen da ta taɓa riƙe rariya ta san aikin, suna kawai za ta laƙaba masa.

Waɗanda suka fi kayar da mai koyo su ne kalmomin da yake ganin ya sani. A aji, fold na nufin ninke tufafi. A girki kuwa juyawa ce a hankali daga ƙasan kwano zuwa sama, don kada iskar da aka sha wahalar bugawa cikin ƙwai ta tsere. Idan an ce cream the butter and sugar, ba wani kirim za a nemo ba. Bota da sukari za a yi ta bugawa har su yi fari su yi laushi. Beat kuma bugu ne sosai, irin wanda mai ƙosai ke yi wa ƙullunta da muciya har ya yi sauƙi ya tashi. Dalilin ɗaya ne a Kano da Landan: iska ake cusawa ciki. Na fi son a koyar da kalmar ta wannan hanya, a rataye ta a kan aikin da hannu ya saba, maimakon a haddace ta a jere kamar karatun jarrabawa.

Sai batun awo. Iyayenmu da ido da tafin hannu suke auna nakiya da alkaki, kuma ba sa kuskure, saboda shekaru sun zauna a hannun. Girkin littafi ba ya jiran shekaru. Wata malamar girki a birnin Boston, Fannie Farmer, ita ta yaɗa awo da shafaffen cokali da shafaffen kofi a littafinta na 1896, shi ya sa har yau girkin Amurka da cup yake tafiya, kimanin mililita 240. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi bai kai haka ba. Mutanen Ingila kuwa yanzu sun fi auna nauyi da giram. Haka zafin wuta: idan Ba'amurkiya ta ce 350, ma'aunin Farenhait take nufi, wato kusan 180 a ma'aunin Selsiyos. Wadda ke gasa kek a tukunya da yashi a ƙasa ba ta da lamba, amma ya kamata ta san matsakaiciyar wuta ake nufi.

Turancin ma ba ɗaya ba ne. Abin da Ingila ke kira plain flour, Amurka na ce masa all-purpose flour. Icing sugar na Ingila shi ne powdered sugar na Amurka, wato niƙaƙƙen sukari mai laushin gari. Biscuit a Ingila shi ne biskit ɗinmu, a Amurka kuwa wani ɗan burodi ne mai taushi, namu kuma cookie suke ce masa, kalmar da suka gada daga mutanen Holan.

Akwai biyu da nake roƙon kowace mai koyo ta rarrabe: baking soda da baking powder, wato hodar tashi. Ta farkon 'yar uwar kanwa ce, ba ta aiki sosai sai ta gamu da abu mai tsami kamar nono ko lemun tsami, kuma ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta biyun tana ɗauke da tsaminta a ciki, ruwa da zafi kawai take jira. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa irin wannan hoda a 1843 saboda yis ba ya karɓar matarsa. Shi ne dai ya ƙirƙiro garin kastad a 1837, domin ƙwai ma ba ya karɓarta. Kastad ɗin da ake dama wa yara da safe a gidajenmu, asalinsa kulawar miji ce ga matarsa.

Daren da kek ɗin ya lotsa, ni da 'yar ƙanena muka samo littafin rubutu muka raba shafi biyu, Turanci a hagu, aikin da Hausa a dama, kalma goma sha biyu kacal. Washegari ta sake kwaɓawa, tana faɗin kowace kalma da baki yayin da hannu ke yin aikin. Da ta zo kan hodar tashi sai ta tsaya, ta duba shafin, ta ɗauki ƙaramin cokali, ta shafe bakinsa da bayan wuƙa.