Addinin da Ba Shi da Babban Mufti

A ƙidayar da aka yi a Indiya a 2011, mutum miliyan 966 ne suka ce addinin Hindu suke bi, kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Duk wannan ɗimbin jama'a ba su da wani mutum guda ko majalisar malamai guda da za ta ba da fatawa ta hau kan kowa. Babu Fafaroma, babu babban mufti, babu ma wanda za a nuna a ce shi ya kafa addinin. Abin da wannan ya haifar yana da ban mamaki, wani na burgewa, wani na ɓacin rai.

A cikinsu mutum yana iya musanta mahalicci, a kuma ci gaba da ƙirga shi cikin 'yan gida. Makarantun falsafa shida ake ɗauka suna kan turba, kuma biyu daga ciki, Samkhya ta asali da Mimamsa, ba su gina koyarwarsu kan wani ubangiji da ya halicci duniya ba. Kumarila, jigon Mimamsa na wajen ƙarni na 7, hujjoji ya jero yana rusa batun mahalicci, alhali da wuya a sami wanda ya kai shi kare littattafan Veda. Abin da ke raba ɗan ciki da bare tambaya ɗaya ce: ka yarda Veda hujja ce? Mabiya Buddha da Jain suka ce a'a, aka lissafa su a waje.

Ita kanta Rigveda, wadda ta girmi sauran littattafan Veda, tana da wata waƙa a kashi na 10, lamba ta 129, da ke tambayar yadda duniya ta fara. Ba ta ba da amsa ba, har ta ƙare da shakkar ko wanda ke can ƙololuwar sama ma ya sani. Shekaru wajen dubu uku ke nan ana haddace ta, babu wanda ya goge ta.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Brihadaranyaka, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Upanishad da makarantar falsafar Vedanta ta ginu a kansu. Sarki Janaka na Videha ya tara malamai, ya sa aka killace shanu dubu, kowace an ɗaura mata zinare a ƙaho, ya ce wanda ya fi kowa sani ya kora. Kowa ya yi tsit. Sai Yajnavalkya ya ce wa almajirinsa ya kora su gida, tun ba a yi masa tambaya ko ɗaya ba. Majalisa ta harzuƙa, aka yi masa caa. Cikin masu tambayar har da mace, Gargi. Ta nemi sanin a kan me ruwa ya dogara, ya ce iska. To iska fa? Haka ta yi ta hawa da shi mataki bayan mataki, har ta iso abin da ya ce ba a tambaya a kansa, ya gargaɗe ta cewa in ta wuce nan kanta zai faɗo. Ta yi shiru, amma ba ta bar zauren ba. Can anjima ta sake miƙewa da wasu tambayoyi biyu, da ya amsa kuwa ita ce ta sanar wa malaman cewa babu mai kayar da shi a cikinsu. Wani malami, Shakalya, ya ƙi ji, aka juyo masa da tambaya ya kasa, littafin ya ce nan take kansa ya tarwatse. A babi guda an buɗe ƙofar tambaya har ga mace, an kuma ja mata iyaka.

Muƙabala a wurinsu fanni ne mai ƙa'ida. Littafin Nyaya ya raba ta gida uku: ta neman gaskiya, ta neman nasara kawai, da ta mai rusa maganar wani ba tare da ya kawo tasa ba. Ya kuma lissafa hanyoyi 22 da mutum ke faɗuwa, ciki har da sauya magana a tsakiya, da rasa ta cewa, da fakewa da wani uzuri a tashi. A rubutu kuma sai ka fara kawo hujjar abokin hamayyarka kafin ka yi raddi. Wannan al'ada ce ta ceci sunan Charvaka, masu cewa babu lahira babu komai bayan mutuwa. Littafinsu na asali ya ɓata, yawancin abin da aka sani game da su daga littattafan abokan gabarsu aka tsinto shi.

Shankara, babban tauraron Vedanta, haifaffen Kalady ne a Kerala wajen ƙarni na 8, kuma ana cewa shekara 32 kacal ya yi a duniya. Masu ba da tarihinsa sun ce ya yi muƙabala da Mandana Mishra, alƙaliyar kuwa matar Mandana ce. Ta rataya wa kowannensu sarƙar furanni, wanda tasa ta riga yin yaushi shi ya faɗi, kuma dole ya bi hanyar wanda ya kayar da shi. Ta mijinta ce ta yi yaushi.

Matanin Vedanta, Brahma Sutra, gajerun jimloli ne 555, wasu kalma biyu kacal. Shankara ya yi masa sharhi ya ce ran mutum da Brahman, wato asalin samuwa, abu ɗaya ne. Ramanuja na Srirangam ya biyo baya ya ce rayuka da duniya gaskiya ne, suna matsayin jiki ga ubangiji. Madhva na Udupi, a ƙarni na 13, ya ce sam, ubangiji daban, rai daban, har abada. Ba a yi ta da sanyi ba: an zargi Shankara da bin Buddha a ɓoye, mabiyan Madhva ma sun rubuta cewa wani aljani ne ya dawo a siffarsa. Amma da yake babu kujerar da ke da ikon korar wani, makarantun uku suna nan har gobe.

To amma wa ke da izinin yin tambayar? Nan ne masu yabon wannan 'yanci suke saurin wucewa, ni kuwa a nan nake ganin zuciyar lamarin. Shi wannan matani na Brahma Sutra da ya buɗe da kira zuwa ga bincike yana da sashe da ya hana 'yan ƙasan aji da ake kira Shudra karatun Veda. Shankara ya goyi bayan haka, har ya kawo tsohuwar dokar da ta ce a ɗura narkakken ƙarfe a kunnen Shudra da ya saurara. Kasuwa ce babu sarkin kasuwa, amma kowace rumfa da mai ita. Kana iya musanta ubangiji a ƙyale ka, amma ka ci abinci da wanda bai kamata ba, dattawan ajinku su yanke ka daga dangi. A 1888 haka aka yi wa Gandhi a Bombay, don kawai zai haye teku zuwa karatu Ingila. Ambedkar, wanda aka haifa cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya ƙona littafin dokokin Manu a Mahad a 1927, sannan a 1956 ya koma addinin Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mutanensa.

Akwai kujeru huɗu da ake jingina kafa su ga Shankara: Sringeri a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Jyotirmath a arewa. Ana girmama masu su matuƙa, amma maganarsu ba ta ɗaure kowa. A Janairun 2024 babu ɗayansu da ya halarci bikin buɗe wurin bautar Ram a Ayodhya, wasu ma suka soki yadda aka shirya shi. Aka yi bikin, Firaminista Modi ne a gaba.

Giɓin da aka bari, doka da kotu ne suka cike shi. Dokar auren Hindu ta 1955 ta haɗa da 'yan Buddha da Jain da Sikh, da duk ɗan ƙasa da ba Musulmi ko Kirista ko Parsi ko Bayahude ba. A 1966 wasu mabiya Swaminarayan suka ce su ba Hindu ba ne, don kada dokar buɗe wuraren bauta ga 'yan ƙasan aji ta hau kansu. Kotun Ƙoli ta ce Hindu ne. A 1995 ta faɗa wa ƙungiyar Ramakrishna haka, bayan ta nemi matsayin tsiraru don kare makarantunta. A 2018 alƙalai huɗu cikin biyar suka buɗe wurin bautar Sabarimala ga mata 'yan shekara 10 zuwa 50, kuma wadda ta saɓa musu ita ce mace ɗaya tilo a zaman, Indu Malhotra.

Tun 1976 tsarin mulkin Indiya ya sa son bincike da tunani irin na kimiyya cikin wajiban ɗan ƙasa. Wannan bai kare masu tambaya ba, domin inda babu mufti, kowane mai fushi yana iya naɗa kansa. A 2014 kamfanin Penguin ya janye littafin Wendy Doniger kan tarihin Hindu daga kasuwar Indiya saboda ƙarar da aka kai. A 2015 aka harbe Farfesa Kalburgi a gidansa a Dharwad. Kafin shi, a Agustan 2013, an harbe likita Narendra Dabholkar a Pune yana tafiyar safe, mutumin da ya shafe shekaru yana neman a yi dokar hana damfara da sunan tsafi. Kwanaki kaɗan bayan kisan jihar Maharashtra ta fitar da dokar, amma sai a Mayun 2024 kotu ta yanke wa mutum biyu ɗaurin rai da rai.