Ma'anar "Shekara" a Lissafin Jimlar Kuɗi da Manhajar Rahoton Kasuwanci

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba yadda ake fitar da jimlar kuɗi ta kowace shekara daga bayanan da ke ɗauke da kwanan wata, a manhajojin rahoton kasuwanci irin su Power BI, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2015, da Tableau. Abin da ake son a nuna shi ne, ingancin wannan lissafi ya rataya ne a kan ma'anar da aka ba kalmar "shekara". Saboda haka lamarin ya shafi masana harshe, musamman masu aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi.

2.0 Yadda Na'ura Take Tara Jimla

Kowane bayani yana zuwa ne da abu biyu, wato kwanan wata da adadin kuɗi. Manhaja takan ciro lambar shekara daga kowane kwanan wata, ta ware bayanan rukuni-rukuni bisa wannan lamba, sannan ta tara adadin kowane rukuni. A Power BI akan tanadi jadawali na musamman wanda ya jera ranaku ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba, ana nuna watan da shekarar da kowace rana ta faɗa. Wannan jadawalin kwanaki shi ne ma'aunin da na'ura take bi, kuma duk abin da aka rubuta a cikinsa shi za ta ɗauka.

3.0 Ire-iren Shekara

Ana iya rarrabe shekara iri uku a nan. Ta farko ita ce shekarar Miladiyya, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, wadda kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauka a matsayin shekarar kuɗi ta tarayya, sai fa idan Majalisar Tarayya ta tsayar da wata rana dabam. Ta biyu ita ce shekarar kuɗi wadda ba ta fara da Janairu ba: ta gwamnatin Amurka tana farawa ne 1 ga Oktoba, ta gwamnatocin Birtaniya da Indiya kuwa 1 ga Afrilu. Ta uku ita ce shekarar Hijira, mai kwana 354 ko 355, wadda ɗan kasuwa Musulmi yake lura da ita wajen fitar da zakka.

Don a ga tasirin wannan bambanci, a ƙaddara wani shago ya sami kuɗi kamar haka:

20 ga Disamba, 2022: N40,000
15 ga Fabrairu, 2023: N25,000
10 ga Mayu, 2023: N30,000
5 ga Nuwamba, 2023: N15,000

Idan aka bi shekarar Miladiyya, jimlar 2022 ita ce N40,000, ta 2023 kuwa N70,000, wato ciniki ya ƙaru. Idan kuma shekara ta fara da Afrilu, jimlar 2022/23 za ta zama N65,000, ta 2023/24 kuwa N45,000, wato ciniki ya ragu. Bayanan ba su canza ba, amma hukuncin da mai shago zai yanke ya juya.

Shekarar Hijira ta fi wuyar sha'ani, domin tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya. A 2008, alal misali, shekarar 1429 ta shiga a watan Janairu, ta 1430 kuma ta shiga a ƙarshen Disamba. Ke nan kuɗin da aka samu a 2008 ya rabu tsakanin shekarun Hijira uku.

4.0 Rubutun Kwanan Wata

A Nijeriya, 03/04/2023 na nufin 3 ga Afrilu. A Amurka kuwa 4 ga Maris ne. Inda shekarar kuɗi take farawa da Afrilu, wannan saɓani kaɗai ya isa ya jefa adadi cikin shekarar da ba tasa ba, kuma na'ura ba za ta yi gargaɗi ba. Ƙa'idar ISO 8601, wadda aka fara bugawa a 1988, ta kawar da ruɗanin ta hanyar fara rubutu da shekara, sai wata, sai rana: 2023-04-03.

5.0 Batun Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausa tana da kalmomin "bana" da "bara" da "baɗi", waɗanda ma'anarsu ta dogara ga lokacin da aka furta su. Rahoton da aka yi wa taken "Cinikin Bana" zai ɓatar da wanda ya karanta shi bayan shekara biyu. Ya fi dacewa a taƙaita amfani da su ga allon da ke sabunta kansa kullum, a riƙa sa lambar shekara a rahoton da za a adana.

Haka kuma ya kamata a rarrabe "jimlar shekara", wadda ta ƙunshi watanni goma sha biyu cikakku, da "jimlar shekara zuwa yau", wadda take taruwa daga farkon shekara zuwa ranar da aka tsaya. Ta biyun ce umarnin TOTALYTD yake fitarwa a Power BI, kuma yana ɗaukar 31 ga Disamba a matsayin ƙarshen shekara muddin ba a ba shi wata rana ba. Kwatanta jimlar wata bakwai ta bana da cikakkiyar jimlar bara kuskure ne da suna guda ga abubuwa biyu yake haifarwa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa na'ura tana tara abin da aka ware mata ne kawai, warewar kuwa ta dogara ga ma'ana. Don haka ana ba da shawarar a tsayar da "shekarar Miladiyya" da "shekarar kuɗi" da "shekarar Hijira" a matsayin kalmomi uku mabambanta a duk rahoton Hausa, a kuma bayyana ranar farawa da ta ƙarewa a ƙarƙashin kowace jimla.