Madarumfa: abin da ya kamata a sani kan tsayawar ƙoda farat ɗaya da magungunan itatuwa

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tsananta a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, asibitin gunduma da cibiyoyin lafiya irin ta Ɗan Isa kan cika da marasa lafiya, akasarinsu yara. A cikinsu akwai waɗanda fitsarinsu ke raguwa ko ya ɗauke baki ɗaya, fuska da ƙafafu su kumbura. Iyalai da dama kan fara gwada jiƙo a gida kafin su nufi likita. Yanzu kuma ga magungunan gargajiyar Indiya da ake kira Ayurveda, waɗanda ake tallatawa a shafukan sada zumunta da sunan masu wanke ƙoda.

Wace irin cuta ce?

Ƙoda biyu na babban mutum na tace kusan lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su fitar da datti ta fitsari. Idan wannan aiki ya ragu cikin awoyi ko ƴan kwanaki, shi ne likitoci ke kira raunin ƙoda na farat ɗaya. Ya bambanta da ciwon ƙoda na dogon lokaci, wanda hawan jini ko ciwon suga ke haifarwa a hankali. Ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya, ISN, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 13 ne ke kamuwa da shi a shekara, miliyan 1.7 kuma su rasu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

A yanki irin na Madarumfa, manyan musabbabansa sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, zawo da amai da ke ƙarar da ruwan jiki, zubar jini wajen haihuwa, jijjigar masu juna biyu, da saran maciji. Annobar kwalara da ta ɓarke a Nijar a watan Yulin 2018 daga wannan gunduma ta fara, kuma kwalara na cikin cututtukan da ke saurin tsayar da ƙoda.

Me magungunan Ayurveda ke yi?

A tsarin Ayurveda, tsirrai biyu sun yi fice kan matsalolin fitsari: punarnava da gokshura. Na biyun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi ne tsidau mai ƙaya da ke fitowa a gefen hanya. Dukansu an san su da sa yawan fitsari, sai dai yawan fitsari daban, warkewar ƙoda daban. Idan rashin ruwa ne ya tsayar da ita, maganin da ke ƙara fitar da ruwa ƙara wa wuta fetur ne. Babu wani babban gwajin asibiti da ya tabbatar cewa waɗannan tsirrai na warkar da raunin ƙoda na farat ɗaya.

Akwai kuma batun abin da ke cikin kwalbar. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta JAMA a 2004 ya gwada magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston na Amurka, aka samu dalma, zaiba ko arsenik a cikin 14, wato ɗaya cikin biyar. Mutanen wannan yanki sun san illar dalma tun 2010, lokacin da gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, a maƙwabciyar Najeriya.

Kasancewar magani daga itace ba ya nufin ba shi da haɗari. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyom sun samu lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da ke ɗauke da wani tsiro mai suna Aristolochia, wasu har sai da aka yi musu dashe.

Ina matsalar jiƙon gida?

Matsalar farko ita ce rashin awo, domin ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane kofi ba. Ta biyu, ƙodar da ta tsaya ba ta iya fitar da sinadarin potasiyom, wanda ganyaye da dama ke ɗauke da shi, idan kuma ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Haɗarin na ƙaruwa idan aka haɗa jiƙo da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da ake saya a hannun ƴan tebur, domin su ma suna rage jinin da ke isa ƙoda.

Babbar asara kuwa ita ce ta lokaci. Raunin farat ɗaya kan warke sarai idan aka magance musabbabinsa da wuri: ƙarin ruwa ga mai zawo, allurar artesunat ga mai zazzaɓi mai tsanani, ƙarin jini ga mai jego. Kwana uku na gwajin jiƙo na iya mayar da abin da ledar ruwa za ta magance ya zama sai wankin ƙoda, irin wanda ake yi a asibitin ƙasa na Damagaram da na Lamorde a Yamai, tare da kuɗin mota da na jinya da ƙaramin manomi ba zai iya ɗauka ba.

Me iyali za su yi?

Yaron da ya wuni bai yi fitsari ba, ko babban da fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi, ko aka ga kumburi, yawan amai, haki ko ruɗewa, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar. Gwajin jini na kiriyatinin shi ke nuna halin da ƙoda take ciki. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyin gwamnati.

A dakatar da duk wani jiƙo ko gari, a tafi da kwalbar ko ragowar sassaƙen, a kuma faɗa wa malamin asibiti gaskiyar abin da aka sha, ba tare da jin kunya ba. Masu maganin gargajiya ma suna da rawar takawa, tunda sau da yawa su ake fara kai wa mara lafiya: duk wanda aka kawo musu fitsarinsa ya ɗauke, taimakon da ya fi shi ne su tura shi asibiti nan take.