Gasar Tawa ta 1975 da fagen samarin karkara

A shekarar 1975 ne aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a birnin Tawa. Lokacin ƙasarmu ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 da 1974 ba, rumbuna sun ƙone, dabbobi sun ƙare, kuma Majalisar Ƙoli ta Soja a ƙarƙashin Seyni Kunce ba ta daɗe da karɓar mulki ba, tun ranar 15 ga Afrilu 1974. Hukumomin wancan zamani sun nemi abin da zai tara ƴan ƙasa wuri guda ba tare da gardamar siyasa ba. Suka farfaɗo da Samariya, suka kuma ɗauko wasan da kowane manomi ya sani tun yana yaro, suka ba shi matsayin wasan ƙasa. Jahohi bakwai ne a lokacin: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram.

Wanda ya zama sarkin kokowa na farko shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi. Filin kokowa na birnin Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma na Langa-Langa.

To amma ina aka samo ƙartin da suka shiga fage a Tawa? Babu makarantar da ta koyar da su, babu kuma ma'aikacin da ya horar da su. A ƙasar Agye da Gazawa, da ƙasar Gobir ta Tibiri da Gidan Rumji, in an gama yankan hatsi, an kai damma rumbu, an cire gujiya da aya, sai kiɗa ya tashi a bakin gari. Sarkin samari ya aika goron gayyata ƙauyen da ke maƙwabtaka. Baƙi su iso da makaɗansu da layunsu, a sauke su gida-gida, a ci tuwo, da la'asar ko da farin wata a kafa da'ira. Ƙananan yara ne ke fara buɗe fage, ana dariya ana ihu. Bayansu sai matasa, sa'annan manya su fito ana yi musu kirari. Yaron da ya yi kaye uku a jere, kafin kasuwar mako ta ci, sunansa ya kai Cadawa ko Gangara, ko Cadakori da Gidan Sori. Dattawan da ke zaune a gefe su ne alƙalai, su ne kuma masu lura da wanda ƙugunsa ya yi ƙwari. Gasar Tawa girbi ta yi daga wannan gona, ba ita ta shuka ba.

Yau tsarin gasar a bayyane yake: jahohi takwas, kowace da ƴan kokowa 10, wato 80 ke nan, waɗanda ba a kayar ba su ne ke neman takobi. Rediyo da talabijin suna kai labari kowane lungu, kuma Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin har sau shida. Sai dai idon kowa yana kan manya, alhali ƙarfin jaha daga yaran da ke tasowa yake zuwa.

A nan yana da amfani a dubi wata ƙasa ta Turai, wato Ailan, wadda ita ma take da wasan gado. Wani irin ƙwallo ne da ake kamawa da hannu ana kuma bugawa da ƙafa, mutum 15 a kowane ɓangare. A 1884, suna ƙarƙashin mulkin Ingila, suka kafa ƙungiyar kare wasanninsu a garin Thurles. A 1929 suka ware wa samari gasar ƙasa tasu, gundumar Clare ce ta fara lashe ta. Shekaru da yawa a filin Croke Park na birnin Dublin aka riƙa buga wasan ƙarshe na samarin, gab da na manya, a gaban taro guda. Ba a biyan ɗan wasa albashi, kuma yaro ƙungiyar garinsu yake fara yi wa wasa kafin gundumarsu ta kira shi. Gundumar Kerry ta ci gasar samarin sau biyar a jere, daga 2014 zuwa 2018. A wasan ƙarshe na 2017 wani matashi mai suna David Clifford ya jefa ƙwallo huɗu a ragar Derry, daga baya kuma ya zama gwarzon manyan. Tun daga 2018 ƴan ƙasa da shekara 17 ne ke shiga, a da kuwa 18 ne. Abin lura shi ne, sakamakon kowace shekara a rubuce yake.

Mu kuwa kokowar ƙauyukanmu a bakin tsofaffi take, tsofaffin kuma suna tafiya. Ga shi fagen kansa yana fuskantar matsi. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun matso har bakin gida. Da an kai amfanin gona gida samari da yawa ke kama hanyar ci-rani zuwa Najeriya, Agadas ko Libiya, daidai lokacin da ya kamata ganga ta tashi. A ƙasar Gidan Rumji kuma, tun 2019 da ƴan bindiga suka koro dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, taron dare a garuruwan bakin iyaka ya zama abin da ake taka-tsantsan da shi.

A ganinmu, akwai aikin da bai buƙatar kuɗi masu yawa. Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, ga Agye, ga Gidan Rumji. Kowace tana da hukumomin gari da sarakuna da jami'in kula da matasa da wasanni. Su keɓe fili a kowane babban gari, a sa masa iyaka kamar yadda ake yi wa burtali, a tsayar da ranar kokowar yara da rana tsaka bayan kaka, kafin matafiya su tashi, a raba su bisa shekaru don kada ƙato ya karya ƙarami. Ku kuma da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku ɗauki littafi da alƙalami ku zauna kusa da makaɗa: ku rubuta sunan gari, da ranar, da wanda ya kayar da wanda aka kayar, ku miƙa wa magajin gari ya ajiye.