KIƊA NE KO HAYANIYA?

Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya aiko mana da takarda. Ya ce ran nan ya ji mun sa wani kiɗan Amurka, busa da ganga kurum, har ya zaci rediyonsa ce ta lalace. Yana tambaya, wai shin masana sun yarda wannan kiɗa ne?

To malam, rediyonka lafiya lau take. Abin da ka ji faifai ne mai suna Interstellar Space, na wasu baƙaƙen fatar Amurka biyu masu kiɗan jaz: John Coltrane, mai busa sakisofon, wato wata irin algaitar ƙarfe, da makaɗinsa Rashied Ali. Sun ɗauke shi ran 22 ga Fabrairu, 1967. Coltrane ya rasu a watan Yuli na shekarar, yana da shekara 40, faifan kuwa bai fito ba sai 1974. Kiɗa huɗu ne a ciki, kowanne da sunan tauraro: Mirrihi, Zahra, Mushtari da Zuhalu.

Abin da ya dame ka shi ne, a wajenmu mai ganga ke riƙe wa mai algaita taki. Shi kuwa Ali ba ya tsayawa kan taki ɗaya, yana zubo kiɗa ta ko'ina, mai busa ya bi inda ya ga dama.

Ba kai kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba. Tun 1961 wani mai sharhi a mujallar DownBeat ya ce salon Coltrane kishiyar jaz ne. Da ya ɗauko Ali a 1965, ba a jima ba tsofaffin abokan kiɗansa biyu, McCoy Tyner da Elvin Jones, suka bar shi.

Amma da faifan ya fito, sai mujallar Rolling Stone ta yaba masa ƙwarai. A 1999 wasu makaɗa biyu, Nels Cline da Gregg Bendian, suka sake kaɗa shi da jita da ganga don girmamawa. Yanzu masana da yawa na lissafa shi cikin manyan ayyukan Coltrane, ko da yake har gobe akwai masu toshe kunne.

Saboda haka, malam, maganar mai sharhi ba hukuncin alƙali ba ce. In mun sake sa shi, ka bi ganga kaɗai tukuna, sa'an nan busar. In bai yi maka ba, ba laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.